Filin Tambaya da Amsa: Wuƙar 'Yan Viking daga Tsohon Sifirin Mota

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu maganar wuƙa ɗaya suke yi, wato irin ta mutanen arewacin Turai na da, waɗanda ake kira Viking. Da alama bidiyoyin maƙeran Turawa da ke yawo a waya sun shiga ran samarinmu sosai. Na zaɓi guda shida, wasu na rage musu tsawo, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Kawu, ni mai walda ne a Kaduna wajen Panteka. Na ga wani Bature a bidiyo ya ɗauki sifirin mota ya ƙera wuƙa mai wutsiya a murɗe kamar ta kunama ya ce ta Viking ce, wani kuma ya yi wata doguwa kamar adda shi ma ya ce ta Viking ce. Dan Allah wacce ce ta gaskiya a ciki? Ina so in gwada amma ba na so in yi shirme.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. To kowanne a cikinsu ya ɗan taɓo gaskiya ya kuma ƙara gishiri. Su dai mutanen nan 'yan ƙasashen da yau ake kira Norwe da Suwidin da Denmak ne, kuma zamanin da ake jingina musu ya kama daga wajen 793, shekarar da suka kai hari tsibirin Lindisfarne a Ingila, zuwa 1066. Doguwar da ka gani sunanta saks, wuƙa ce mai kaifi ɗaya, kuma ba su kaɗai ke da ita ba, mutanen Ingila na lokacin ma sun riƙe ta, har ma wadda ta fi suna a duniya a kogin Thames na Landan aka tsamo ta a 1857, an yi mata rubutu a jiki da wayar jan ƙarfe da azurfa, tana nan a gidan tarihi na Birtaniya. Ita kuwa mai murɗaɗɗiyar wutsiyar nan maƙeran yanzu ne suka ɗauke ta suka yayata saboda tana da kyau a hoto kuma ba ta buƙatar ƙota, amma in ka duba abin da aka tono a kaburbura da tsofaffin garuruwansu irin su Birka a Suwidin da Hedeby a Jamus ta yau da York a Ingila, abin da ya fi yawa nesa ba kusa ba ƴar ƙaramar wuƙar aiki ce, ruwanta bai wuce tsawon yatsa zuwa tafin hannu ba, bayanta da kauri, ta zo ta tsuke zuwa baki kamar an yanka tsinin gatari, sai siririyar wutsiya da ake cusawa cikin ƙotar itace ko ƙaho. Ba ta da abin tare hannu ba ta da wani ado mai yawa. Mace da namiji kowa da tasa a ɗamara, da ita ake cin nama a fere itace a yanka igiya.

Wani abin da zai ba ka sha'awa, a cikin waɗanda suka gan su ido da ido suka rubuta akwai musulmi, Ahmad ibn Fadlan, wanda Halifa al-Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya haɗu da mutanen da ya kira Rus a bakin kogin Volga a 922, ya ce kowane namiji a cikinsu yana ɗauke da gatari da takobi da wuƙa ba ya rabuwa da su. Kuma cinikinsu da ƙasashen musulmi ba ƙarami ba ne, don a tsibirin Gotland na Suwidin a 1999 an tono azurfa mai nauyin kilo 67 a wata gona, da tsabar kuɗi wajen 14,000 kuma mafi yawansu dirhami ne masu rubutun larabci.

Shawarata ka fara da ƙaramar. Ruwa santimita 9 ko 10, wutsiya kamar haka, kaurin baya milimita 4. In ka iya wannan ta fito a miƙe kuma ta riƙe kaifi, saks ba za ta gagare ka ba. Masu farawa da doguwa yawanci ayaba suke ƙarewa da ita, don da an gasa ta an tsoma a mai domin ta yi tauri take lanƙwashewa.

TAMBAYA: Malam ina da guntayen rodi da yawa da suka rage a wajen ginin gidanmu, zan iya yin wuƙar da su? Sannan akwai wani bututun ruwa fari mai kauri. Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Bututun nan fari ka ajiye shi can nesa da wuta tun kafin mu ci gaba da magana. Farin da ke jikinsa tutiya ce aka shafa don kar ya yi tsatsa, in ta ji wuta tana tashi da farin hayaƙi, ka shaƙa da rana da dare ka kwana da zazzaɓi da rawar jiki da ciwon ƙirji, masu walda sun san shi sarai. Duk ƙarfen da ka ga yana da wannan shafen, ko kwanon rufi ko ƙusa mai sheƙi, ba na maƙera ba ne.

Rodi kuma, hmm. Ka koyi bugu da shi ba laifi, amma wuƙar kirki a'a. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri in an ba shi ruwa, wato an gasa shi an tsoma a ruwa ko mai, shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, wato dai ɗan gawayin da ya narke ya shige shi, kuma wuƙa tana son wajen kashi 0.6 zuwa kashi 1 cikin ɗari. Rodi yawanci bai kai nan ba, kuma da yake daga tarkace kala-kala ake narka shi, wannan sandar ta yi tauri waccan ta ƙi, wani lokacin ma sanda ɗaya kai da gindi ba halinsu ɗaya ba. Ka sha wahalar kwana biyu ka zo ka yanka albasa baki ya naɗe.

Abin da za ka nema wajen 'yan gwangwan ko masu tsofaffin kayan mota, na farko sifirin mota mai falle-falle, shi ne abokin mai koyo, kabon ɗinsa wajen 0.6 ne da ɗan sinadarin kuromiyam, yana da haƙuri, ba ya saurin tsagewa. Ka nemi na ƙaramar mota don na tirela sai ka bugu har kafaɗarka ta sauka kafin ka sirantar da shi. Na biyu tsohon magagari, wannan kabon ɗinsa ya fi yawa, kusan kashi 1, kaifinsa kamar aska amma yana da saurin fushi, kuma a kula, masu arahar nan wasu fatar sama kawai aka taurara cikin laushi ne. Na uku zoben boris, ƙarfe ne mai kyau ƙwarai amma taurin kai gare shi a ƙarƙashin guduma, ban ba mai farawa shawara ba.

Sai dai duk abin da na lissafa zato ne har sai ka gwada, don tarkace ba ya zuwa da takarda. Gwajin farko ka ɗora shi a giranda ka kalli tartsatsin. Ƙarfe mai laushi tartsatsinsa dogaye ne suna tafiya a miƙe, mai kabon kuwa sai ka ga kowane ɗaya yana fashewa a ƙarshe yana yin rassa kamar wasan wuta. Gwaji na biyu shi ne alƙali: yanki ɗan guntu, buga shi ya yi siriri kamar milimita 3, gasa shi ya yi ja, tsoma a mai, sai ka goga masa magagari. In magagarin ya zame yana ƙara kamar kan kwalba to ya yi tauri. Daga nan ka matse shi a bais ka rufa masa tsumma ka buga da hama, ka sa tabarau fa don ɓarɓashin yana tashi. Ya karye ƙas, ƙarfen wuƙa ne. Ya lanƙwashe, ka yi maratayin kaya da shi.

Sifiri kuma ka goge shi ka duba da kyau a haske, musamman kusa da ramin tsakiya da inda ya taɓa karyewa, don shekara da shekaru yana shan ramukan hanya, yakan yi ƙananan tsaga da ido ba ya gani sai ka gama aiki su buɗe baki. Wanda ya riga ya karye a mota ni ba na sayensa ko da kyauta ne.

TAMBAYA: Kawu ni ba ɗan gidan maƙera ba ne, ba ni da uwar maƙera ba ni da zuga-zugi. Da me zan fara kuma yaya ake bi daki-daki? Daga wani mai gyaran babur a Gusau.

AMSA: Kar rashin kaya ya hana ka. A 1936 wani manomi a Gotland yana huɗa a wani wuri da ake kira Mästermyr garmarsa ta ci karo da akwatin katako ɗaure da sarƙa, aka buɗe aka tarar da kayan aikin wani maƙeri kuma kafinta na zamanin Viking sama da guda 200, gudumomi da awartaki da magagari da zarto, kuma in ka ga hoton uwar maƙerar da ke ciki sai ka yi dariya, 'yan dunƙulen ƙarfe ne ƙanana da ake kafawa a kututture. Wallahi da za a zube kayan nan a gaban tsohon maƙeri a Kano ko Zinder ba sai an yi masa bayanin ko ɗaya ba. To kai ma kan babbar guduma mai kilo 5 ko sama ka kafa shi a kututturen itace ya ishe ka ƙaramar wuƙa. Guntun layin dogo da ake ta nunawa a bidiyo ka rabu da shi, a nan kayan gwamnati ne, a gan shi a shagonka sai ka yi bayanin da ba ka shirya ba.

Murhu kuwa rami ne a ƙasa ko bulo huɗu da laka, sai baƙin bututu ya shigo ta gefe, iska kuma ko zuga-zugin fata ko fankar nan ta hannu da ake juyawa ko injin busar gashi na mata in akwai wuta. Gawayi ka nemi na ƙirya, ba banza maƙeranmu suka riƙe shi ba, yana da nauyi yana daɗewa yana ba da zafi, ka farfasa shi kamar girman goro. Su ma can da gawayin itace suka yi duk aikinsu.

Yanka sifirin da giranda, tsawon santimita 12 faɗin 2 ya isa don zai miƙe in ana bugu. Ka gasa har ya yi launin lemo mai haske sannan ka buga, da ya koma ja mai duhu ka mayar wuta, kar ka ce bari in ƙara biyu, bugun ƙarfe irin wannan da sanyi shi ke haifar da tsaga. Kar kuma ka bar shi ya yi fari yana tartsatsi a cikin wuta, in ya kai nan ya ƙone, sai dai a yanke wurin a yar. Fara da tsini, sannan ka juya ka fitar da wutsiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke cutar kansu: inda wutsiya ta haɗu da ruwan wuƙa kar ka yi masa kusurwa mai kaifi kamar an yanka da almakashi, ka bar shi da ɗan zagaye, don nan ne wuƙa take karyewa ranar da aka matsa mata. Sai baki. Kana buga gefen da zai zama kaifi ƙarfen yana buɗewa ta nan, wuƙar sai ta riƙa lanƙwashewa baya, to ko dai ka fara lanƙwasa ta gaba kaɗan tun farko ko ka riƙa kwantar da bayanta kan uwar maƙera kana gyarawa da guntun itace don kar ka ɓata bakin. Bugu goma a wannan fuska goma a waccan, in ba haka ba ta murɗe.

In siffa ta fito saura abin da masu gaggawa ke tsallakewa. Ka gasa ta ta yi ja daidai ko'ina ka fitar ka riƙe a iska har jan ya mutu ta yi baƙi, ka maimaita sau uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Wannan yana mayar da ƙwayoyin cikin ƙarfen ƙanana bayan wutar da suka sha, in ka karya wanda aka yi wa haka cikinsa kamar garin toka yake, wanda ba a yi wa ba kamar tsakin masara. Daga nan ka sake gasawa ka binne a toka ta kwana, da safe za ta yi laushin da magagari zai ci. Ka gyara fuskokin ka fitar da baki, amma kar ka wasa ta tukuna, ka bar kaurin kamar milimita 1 a bakin. Wanda ya kai ta kaifi kafin ban ruwa zai ga bakin ya yi kwana-kwana kamar gefen ganyen latas.

TAMBAYA: Baba na yi duk yadda ake faɗa, wuƙa ta fito tsaf har abokaina suna ɗaukar hoto, na gasa ta na tsoma a bokitin ruwa sai na ji ƙas, na duba ta tsage wuri uku. Na kusa kuka wlh. Amma ai na ga maƙeran garinmu da ruwa suke yi? Daga wani matashi a Maraɗi.

AMSA: Sannu ɗana, Allah ya mayar da alheri, kuma ka shigo layi don ba wanda ya taɓa wannan sana'a bai ji wannan ƙarar ba. Ni tawa ta farko daga magagarin mahaifina na yi ta, wanda ma ban tambaye shi ba na ɗauka, kwana uku ina fama, ranar ban ruwa da sassafe lokacin sanyi na ɗebo ruwan randa mai sanyi ƙarara na tsoma, ƙarar da na ji ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba amma har cikin cikina na ji ta. Na fito da ita ina ta juyawa ina ce wa kaina ƙila ba komai, sai da na goge na ga layi siriri kamar gashi ya taso daga baki ya nufi baya. Wani dattijon maƙeri da nake zama wajensa ya karɓa ya ɗan ƙwanƙwasa ta a uwar maƙera ya saurara, bai ce min komai ba ya jefa ta cikin tarkace ya ci gaba da zugarsa. Ga asarar wuƙa ga bashin magagari.

Maƙeran garinku ba ƙarya suke ba, amma ka lura da kyau yadda suke yi. Da yawa bakin kawai suke ɗan taɓawa da ruwa su ɗaga su sake taɓawa, kuma fartanya da gatari suna da kauri, ga hannun da ya shekara talatin yana yi. Siririyar wuƙa ta sifiri ko magagari ruwa ya yi mata saurin sanyaya, waje ya ƙanƙance ya daskare ciki bai gama ba, sai ta yage kanta. Mai za ka yi amfani da shi. Man gyaɗa ko kowane man girki, lita 2 zuwa 3 a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ba roba ba. Na san kuɗin mai yanzu, uwargida za ta harare ka, amma wanda aka gama suya da shi ma in an tace ya yi kuma za ka daɗe kana amfani da shi. Baƙin mai na inji yana taurarawa amma hayaƙinsa guba ne kuma yana saurin kamawa da wuta, ni na daina. Ka ɗumama man tukuna, ka gasa wani guntun ƙarfe ka jefa ciki har ya kai zafin da yatsa zai iya taɓawa ya janye, wajen digiri 50, don mai ɗumi ya fi mai sanyi tsinkewa kuma ya fi kama ƙarfen daidai.

Sai zafin wuƙar kanta, wanda shi ne rabin aikin. Kar ka yi da tsakar rana, hasken rana yana ɓoye launi, ka ga kamar bai yi ja ba alhali ya wuce. Bari sai bayan magariba ko cikin rumfa mai duhu. Ka samo maganaɗisu na tsohuwar lasifika ka ɗaure a waya. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770, kai kuma kana son ka ɗan wuce nan, 800 zuwa 830. Wato da ka ji ya daina kamawa ka mayar wuta ka ƙara ɗan lokaci launin ya ƙara haske kaɗan, shi ke nan. Wata dabarar, gishirin girki yana narkewa a 801, ka barbaɗa 'yan ƙwayoyi a kan ruwan wuƙar, da sun narke sun yi sheƙi ka kai. Ka tabbata launin ɗaya ne daga tsini har gindi, tsini yana riga zafi don haka ka fara gasa wajen kauri.

Daga wuta zuwa mai kar ya wuce ƙiftawar ido, gwangwanin yana gefenka tun farko. Tsini ya fara shiga, a miƙe, ka riƙa motsa ta sama da ƙasa ko gaba da baya kamar kana yanka man, ban da gefe da gefe don shi ke lanƙwasa ta. Wuta za ta iya tashi a saman man, kar ka firgita kar kuma ka zuba ruwa, murfi za ka rufa. Bayan ta huce ka gwada da magagari.

Yanzu tana da tauri amma kamar kwalba take, ta faɗi ƙasa sai ta tarwatse, kuma in ka bar ta haka ta kwana tana iya tsagewa ita kaɗai a kan tebur. Don haka a daren nan za ka sassauta ta. Mai obin a gida ya sa ta a digiri 200 awa ɗaya zuwa biyu, ta huce, ya sake. Wanda ba shi da shi ya goge fuskar da samfefa ta yi fari, ya gasa wani ƙarfe mai kauri, ya ɗora bayan wuƙar a kai baki yana sama, ya zuba ido. Za ka ga launi yana tasowa daga baya yana gangarowa baki, farko kamar busasshen karan dawa, sai kalar zuma, sai shunayya, sai shuɗi. Da kalar karan dawa mai ɗan duhu ta iso baki ka ɗauke ka tsoma a mai. Baya ya yi shuɗi ba komai, ma ya fi, amma in shuɗin ya kai baki ta yi laushi da yawa sai an sake ban ruwa daga farko. A yi a hankali, launin nan in ya fara gudu ba ya jira.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni maƙeri ne na gado. Yarona ya ce wai wuƙaƙen mutanen nan falle uku ne a haɗe. Gaskiya ne, kuma me ya sa?

AMSA: Gaskiya ne Malam, da yawa daga cikinsu haka suke, kuma ba don ado ba ne. Tamarsu daga fadama suke kwasowa su narka a ƙananan murahu, abin da ke fitowa yawanci baƙin ƙarfe ne mai laushi, mai taurin kuwa kaɗan ne kuma da tsada. Sai su sa siririn falle na mai tauri a tsakiya su rufe shi da mai laushi dama da hagu su haɗe a wuta, duk wasawar da za a yi mai taurin ne ke fitowa a baki, na gefen kuma ya hana ta karyewa. Wasu kuma a bakin kawai suke liƙa shi. Har gobe masu wuƙa a garin Mora na Suwidin, inda ake wannan sana'a a masana'anta tun 1891, da kamfanin Helle na Norwe suna fitar da masu falle uku. Ku da kuka saba haɗa ƙarfe a wuta ba zai ba ku wuya ba: magagari a tsakiya bayan an goge haƙoransa, fallen ƙarfe mai laushi a gefe, fuskoki a goge fes, a barbaɗa boras irin na maƙeran fari ko yashi mai laushi, a kai shi rawaya mai haske wajen digiri 1,200 ko sama, bugun farko a hankali daga tsakiya zuwa waje. Sifiri ban so a nan ba, kuromiyam ɗin da ke cikinsa yana sa shi ƙin kamawa.

TAMBAYA: Kawu mijina ya ƙera tasa ta yi kyau, ni kuma 'yar gidan dukawa ce a Zinder, ya ce ni zan yi kube. Yaya nasu yake, kuma da wane itace za a yi ƙota tunda ba mu da irin nasu?

AMSA: Madalla 'yata, aiki ya zo gida. Ƙota tukuna don a jikinta ake auna kube. Su da itatuwan ƙasarsu suke yi da ƙahon barewarsu da ƙashi, ku kuma ga marke ga ƙirya ga kanya, kowanne ya yi in dai ya bushe sosai, ɗanye zai tsuke ya tsage bayan wata biyu. Ƙahon sa a yanka ɗan zobe a sa a gaba yana kyau kuma yana hana bakin itacen fashewa. A huda rami da ya ɗan gaza wutsiyar, a naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma don zafi kar ya sauko ya ɓata ban ruwan, a gasa ƙarshen wutsiyar kaɗan a tura ta ƙona wa kanta hanya, amma a tsaya saura kamar rabin santimita, a kakkaɓe gawayin ciki, a zuba gam mai haɗi biyu irin Araldite sannan a buga ta ta zauna. Su da ƙaron itace da kwaltar ɓawon bishiya suke liƙewa. Ƙotar ta cika hannu, mai siffar ƙwai in an kalle ta ta gindi, don mai zagaye sosai tana juyawa a tafi.

Kuben nasu mai zurfi ne, yana haɗiye ruwan wuƙar har da fiye da rabin ƙota, kan kawai ke leƙowa, shi ya sa ba ya buƙatar maɓalli. Fata ɗaya ce ake naɗewa a ɗinke ta gefe guda, masu hali a Gotland da Birka har da 'yan fallayen tagulla suke bi gefen da su da zobba na ratayewa. Fatar da za ki nema ta sa ce mai kaurin milimita 2 zuwa 3, jimar bagaruwa irin tamu, don ita ce in an jiƙa take ɗaukar siffar abin da aka naɗe ta bushe a haka. Fatar kamfani mai jimar sinadari ba ta yin haka kuma tana sa wuƙa tsatsa. Ki shafe wuƙar da mai ki naɗe ta da leda, ki jiƙa fatar ki lulluɓa ki riƙa dannawa da ƙashi ko bayan cokali musamman inda ƙota ta fara, ki ɗinke tun tana da danshi, kuma ki sa wani siririn yanki na fata tsakanin leɓɓan biyu ta wajen kaifi in ba haka ba ranar farko zai yanke zaren. A bar ta ta bushe a inuwa kwana biyu, kar a sa a rana. In an tura wuƙar aka ji ta shige da ɗan ƙarfi, aka kifa kuben ba ta faɗo ba, ya yi.

Ki gaya wa maigidan wasawa ita ce ƙarshe, a dutse da ruwa, ban da giranda don zafinta yana kashe bakin cikin daƙiƙa biyu. Mutanen can ma kowa da ɗan dutsen wasawarsa mai huda a rataye kusa da wuƙa, na Eidsborg a Norwe har ƙasashen waje ake kai shi a jirgi. Sannan wuƙar sifiri tana tsatsa, a goge a shafa mai bayan an yanka lemo ko tumatir. Kuma dan Allah a bar ta a gida ko gona ko wajen aiki, su Viking a ƙugu suke yawo da tasu amma a garuruwanmu yanzu saurayin da aka tare da dare da wuƙa a jiki ba wanda zai tsaya jin labarin Ibn Fadlan.

Mai tambaya kan yadda ake fitar da zanen nan mai kama da igiyar ruwa a jikin takobi, da mai son sanin ko za a iya yi da kacar babur, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.